Kuɗin Lanho: Mai Biya Yana da Bakin Tambaya

'Yan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara bayan kaka mai gari yakan tara kuɗin lanho ya kai ma hukuma. Talaka ya sai da hatsi ko akuya ya biya. Amma mutum nawa ne suka san inda kuɗin nan suke shiga?

A shekarar 2004 jama'a suka zaɓi wakilansu a ƙananan hukumomi 265 na ƙasarmu. A 2024 aka rushe majalisun nan, aka naɗa kantomomi. Tun da babu wakili, nauyin yi ma talakawa bayani ya hau wuyan kantoma.

Da Faransanci ake rubuta lissafin kuɗin hukuma, alhali a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. To, a juya shi da Hausa, a karanta ranar kasuwa, a faɗa a rediyon karkara: ga abin da aka tara, ga abin da rijiya da lakwal da gidan likita suka ci.

Ku kuma, in an kira taro, ku tafi, maza da mata, ku tambaya. Wanda ya sha ruwan rijiyar da kuɗinsa suka gina, baɗi ba sai an bi shi gida ba.