Dubu Saba'in Ɗin Nan, Rabon Wa Ce?

Ku yi mani afuwa, yau ba ci gaban labarinmu na kawo ba, wani abu ne ya tsaya mani a rai.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Mu nan Kano gwamnati ta ɗora dubu ɗaya a kai. Na yi murna wallahi, don duk wanda ya ga yadda kwanon masara ya tashi bayan cire tallafin fetur a 2023 ba zai ce an ba ma'aikaci da yawa ba.

To amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ruwanta da mai aikin jinga ko kamasho. Ke nan yaron shago a Kantin Kwari sai dai ya ji zancen a rediyo. Inda kuwa ta hau, matashi ne ke fara shan duka.

Na gani da idona a maɗaba'ar da ake buga mani littattafai. Akwai wani yaro mai ninke shafuka, ya gama sakandare, ga ladabi, har yakan tsegunta mani inda na yi kuskuren rubutu. Na je karɓar aiki ban gan shi ba. Mai wurin ya ce, "Hajiya, ga tsadar takarda, ga dizal, ga sabon albashi. Wa zan sallama? Mai injin da ya shekara ashirin tare da ni?" Sababbin yara ya sallama, ninkin kuma ya mai da shi jinga, ranar da babu aiki babu ko sisi.

Ban ce a hana ƙari ba, Allah Ya kiyaye. Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne, idan gwamnati da 'yan ƙwadago suka zauna, kowa waɗanda ke cikin aiki yake karewa, wanda ke bakin ƙofa da takardunsa a hannu ba shi da wakili. Yanzu duk shekara uku za a riƙa duba albashin. Kafin zama na gaba, a yi wa duk mai ɗaukar matashi aiki ko koyon sana'a rangwamen haraji, yadda riƙe yaron ba zai zame masa asara ba.

Shi yaron nan, na haɗu da shi kwanaki a Kasuwar Kurmi yana tallar cajar waya. Har ya tambaye ni yaushe littafi na uku zai fito.