A Ba Tsohon Damagaram Ɗakinsa Da Mabuɗinsa

Duk lokacin da aka ta da zancen matsugunin tsofaffi a ƙasar nan, amsa ɗaya ce ke fitowa daga bakin manyanmu: wai wannan al'adar Nasara ce, mu nan ba mu yar da iyayenmu. Magana ce mai daɗin ji, kuma mai arha, domin duk wanda ya faɗe ta ya kuɓuta daga kashe ko dala. To, mai wannan magana ya daure ya zagaya bakin Kasuwar Dole, ko ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya ƙirga masu furfurar da ke zaune cikin rana da ƙoƙo a gabansu. In ya gama ƙirga, ya gaya mana ƴaƴan wace ƙasa ne suka haife su.

Al'adar da ake fakewa da ita mun san ta sarai. A gidan Bahaushe ko Babarbare na Birni da Zango, tsohuwa tana da ɗakinta, da randarta, da ƴar tukunyarta. Tana sayar da daddawa ko ƙuli-ƙuli, kuɗinta na ƙulle a bakin zanenta, ba ta neman izinin kowa kafin ta je barka ko gaisuwar mutuwa. Amma in dare ya yi akwai jika a gefenta, in zazzaɓi ya kama ta akwai suruka da za ta dama mata kunu. Ikon kanta na hannunta, mai kula da ita yana tsakar gida. Wannan tsari ya tsaya ne bisa sharaɗi guda, wato gidan ya kasance cike da mutane.

Yau ina mutanen? Samari sun tafi bida Kano da Legas da Libiya. Mata ma sun bi sahu. Ba wanda ya manta da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada a hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Hannayen da ke dama wa tsofaffi kunu ke nan talauci ya kora. Bayan haka akwai wadda ba ta haihu ba, da wanda ya binne ƴaƴansa duka, da wadda magada suka sayar da gidan da take ciki. Ga kuma ginin ƙasa da ke buƙatar yaɓe kowace shekara. Idan damanar 2024 ta iya kayar da tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19 kuma idon gari duka na kansa, me za a ce da ɗakin gwauruwar da ba ta da mai hawa soro ya gyara mata indararo?

Mu dubi abin da hukuma ta yi. Tsarin mulkin 2010, a ayarsa ta 25, ya ɗora wa gwamnati nauyin kula da tsofaffi. A 2011 aka rubuta manufar kare marasa ƙarfi ta ƙasa. Har tsarin mulkin ya faɗi ranar 26 ga Yuli, 2023, tsohon Garin Malam bai ga abin da ayar ta tsinana masa ba. A 2005 Nijar ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, abin a yaba. A wannan shekarar ce kuma Senegal ta ƙaddamar da shirin Sesame na jinyar ƴan shekara 60 zuwa sama. Mu namu aka bar su a bakin ƙofa. Fanshon CNSS na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomin gero na Mirriya, da dukawan da suka ɗaukaka sunan Damagaram da aikin fata, da mai tallan fura, ba su da takardar albashi, saboda haka ba su da tsufa a idon doka. Rabonsu shi ne ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya: jawabi, hoto, ƴan kwanonin shinkafa, sai kuma baɗi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƴan shekara 60 zuwa sama ba su kai biyar cikin ɗari na al'ummar ƙasa ba. Ba su yajin aiki, ba su ƙona taya, ba su cika filin taro. Tun daga Taron Ƙasa na 1991 jam'iyyu nawa suka zo neman ƙuri'a a wannan jiha da ta fi kowace yawan jama'a? Ɗan garin nan ya hau kujerar shugaban ƙasa a 1993. Matatar man SORAZ tana aiki tun 2011. Kowa ya zo ya durƙusa gaban dattawa neman albarka, ya tashi ya kaɗe gwiwa.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu neman a gina katafaren gida a bayan gari a tara tsofaffi a rufe. Damagaram ta riga ta ɗanɗana wannan magani. Kara-Kara wuri ne da aka keɓe wa kutare domin a kawar da su daga ido, kuma wanda ya kalli fim ɗin da ƴar garin nan Aisha Maki ta fitar a 2021 ya ga abin da wariya ta haifar wa jikokinsu. Faransa ma da ake yi mana barazana da ita ta sha kunya a 2022, sa'ad da aka tona yadda wani babban kamfanin gidajen tsofaffi ke ƙididdige musu abinci don riba. Amma a can ɗin akwai wani tsari dabam, inda tsoho ke zaune a ɗakinsa da mabuɗinsa, masu taimako suna kusa. Da muka dube shi sai muka ga gidan kakanninmu ne aka yi wa rufin kwano.

Abin da muke nema ke nan. A kowace gunduma cikin biyar na birnin, a samu gida ɗaya cikin unguwa, kusa da masallaci da ɗakin shan magani. Ɗakuna goma ko goma sha biyu, zaure, inuwa, famfo, makewayi mai abin dafawa. Kowa da ƙofarsa, ya fita lokacin da ya so, ya karɓi baƙinsa, mai sana'a ta ci gaba da sana'arta. A ajiye mace ɗaya da namiji ɗaya ƴan unguwar, a horar da su, a biya su albashi, su kwana nan. Malamin asibiti ya riƙa leƙowa kowane mako yana auna hawan jini da ciwon sukari, yana duba idon da yana ta rufe. Masu unguwa da limamai su tantance mai shiga, a bainar jama'a, don kada gidan ya koma ladan ƴan fada.

Za a ce babu kuɗi. Fili yana hannun hukumar birni, wadda ba ta taɓa rasa fegin da za ta yanka wa mai hali ba. Tun 2019 ƙasar nan tana da dokar wakafi. Attajirin da ya gina masallaci na uku a layi guda, ya tambayi malaminsa ko ɗakin da zai rufa wa tsohuwa asiri ba sadaka mai gudana ba ne. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, wadda ta daɗe da sanin sarkin makafi da sarkin kutare, tana da bakin da in ta kira attajirai za su amsa. Albashin mutum goma da magani ne kawai ya rage wa gwamnati, kuma bai kai kuɗin motar babban ma'aikaci guda ba.

Masu mulki na yau sun ce sabunta ƙasa suka zo yi, kuma tun 2024 su ke naɗa masu riƙon ƙananan hukumomi, don haka babu majalisar da za su ce ta hana su. Ga wurin gwaji mai sauƙi. A fara da gida ɗaya a Birni kafin damana mai zuwa. Wanda kuma ya ga abin bai shafe shi ba, ya shafa kansa ya duba madubi: furfura ba ta tambayar muƙami kafin ta fito.