Jan Kumatun Da Zai Karɓi Fatarki Mai Ruwan Zinare

Yau mun ɗan ajiye zancen rigakafi da yaye, za mu leƙa gaban madubi.

Ranar sunan 'yata ta biyu an ɗauko mini mai kwalliya har gida. Ta yi aikinta tsaf, daga ƙarshe ta goga mini jan kumatu, wanda 'yan kwalliya ke kira bulosh, ruwan hoda mai haske. Da na fito tsakar gida sai Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, anya kin samu lafiya? Na ga fuskarki ta yi toka-toka." Da hotuna suka fito na ga gaskiyarta, kumatuna kamar an barbaɗa musu gari. Wata baƙuwa kuma ta raɗa mini a kunne cewa in ɗan shafa mai in ƙara haske, kwalliya za ta fi zama a fuskata.

Wannan shawarar ce ta sa nake rubuta miki yau. A wurin aiki ina ganin inda take kai mata: kumatu sun ƙone sun yi jawur, fata ta yi siriri har jijiyoyi sun bayyana, ciwo ƙarami ya ƙi warkewa. Yawancin mayukan bilicin suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroyid, ko makyuri. Shi makyuri yana lalata ƙoda, kuma yana iya isa ga ɗan da ke ciki ko wanda ke shan nono. Alhali a ranar sunan nan fatata lafiyarta ƙalau. Kalar da aka zaɓa ce ba tawa ba.

Kowace fata tana da launi biyu. Akwai na sama, wanda muke cewa wance fara ce, ko wankan tarwaɗa, ko baƙa. Rana da ciki da rashin lafiya suna canza shi. Akwai kuma wani ruwa da ke kwance a ƙarƙashi, wanda da wuya ya canza. Na wasu yana karkata ga zinare ko zuma, shi ake kira mai ɗumi. Na wasu yana karkata ga ja mai shuɗi-shuɗi, shi ne mai sanyi. Wasu kuma suna tsakiya. Mace tana iya zama baƙa wuluk amma ruwan fatarta zinare ne, tana iya zama fara tas kuma mai sanyi.

Daga nan aka samo tsarin raba mata bisa yanayin shekara. Wata Ba'amurkiya, Carole Jackson, ita ta yayata shi da littafinta Color Me Beautiful a 1980. Ta yi amfani da lokuta huɗu na ƙasarsu: lokacin tohon furanni, lokacin zafi, kaka da hunturu. Rukunin zafi da na hunturu na masu sanyi ne, rukunin toho da na kaka na masu ɗumi. Ki sani wannan ba ilimin asibiti ba ne, dabarar ido ce, kuma da fatar Turawa aka fara gwada ta. Shi ya sa sau da yawa ake tura duk mai duhun fata rukunin hunturu ba tare da an dube ta da kyau ba, a haɗa ta da kalolin da ba sa karɓar mai ruwan zinare.

To yaya za ki gane naki? Ki wanke fuska, ki zauna kusa da taga da hantsi, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ki ɗauko mayafi biyu, fari ƙal da ruwan madara, ki yafa su ɗaya bayan ɗaya. Idan ruwan madarar ya sa fuskarki ta yi taushi da sheƙi, farin kuma ya sa ta yi kamar kin kwana ba barci, kina cikin masu ɗumi. Ki sake gwadawa da ɗan kunne na gwal da na azurfa. Mai ɗumi gwal ne ke zama a jikinta kamar da shi aka haife ta.

Za ki ji ana cewa ki duba jijiyar wuyan hannu, wai kore ɗumi ne, shuɗi sanyi. Ni da nake neman jijiya kullum don ɗibar jini ina gaya miki, a fata mai duhu sau da yawa ba a ganin launinta sam. Kada ki dogara da wannan. Idan kuma ciki ya bar miki baƙin tabo a kumatu da goshi, kamar yadda yake yi wa mata da yawa, ki duba wuya da saman ƙirji, nan ne ainihin ruwanki yake.

Idan kin tabbatar ke mai ɗumi ce, saura ki san ko toho ko kaka. Ki koma cikin akwatinki. Idan atamfa mai kala garau ce ke fito da ke, irin ruwan ɗorawa, ruwan goro mai haske da koren ɗanyen ganye, ke 'yar toho ce. Jan kumatunki shi ne kalar cikin gwanda nunanniya, ko ta cikin mangwaro da ta ɗan karkata ga ja, ko ruwan goro mai haske. Idan kuwa kaloli masu nauyi ne ke miki kyau, irin ruwan ƙasa, ruwan makuba da koren ganyen da ya fara bushewa, ke 'yar kaka ce. Ki nemi kalar tukunyar ƙasa da aka gasa, ko jan bulo, ko kalar jan lalle idan ya kama a tafin hannu, ko kalar manja.

Sai batun duhu. Gwargwadon duhun fatarki, gwargwadon ƙarfin kalar da za ki zaɓa. Fara za ta ɗauki mai sauƙi, wankan tarwaɗa ta ɗauki matsakaici, baƙa kuma ta ɗauki wanda a cikin gwangwaninsa yake ba da tsoro, domin a kumatunta zai lafa ya zama daidai. Ruwan hoda mai haske, irin wanda aka shafa mini, an cika shi da farin sinadari, kuma wannan farin ne ke zama toka a kan fata mai duhu. Shi da mai shuɗi-shuɗi ki bar wa masu sanyi.

In kin je saye, ki gwada a gefen muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, don hannu ya fi fuska shan rana da ruwan wanki. Ki fita waje ki duba a madubin wayarki kafin ki biya. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ɗan hoton gwangwani a buɗe mai 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, mai maiƙo ya fi zama, ki dangwala da yatsa. Da bazara na gari ya fi jure gumi. Ki fara da kaɗan a tudun kumatu, ki ja shi sama wajen kunne. Ki riƙa wanke buroshi duk mako, kuma kada ki yi aronsa a gidan biki.

Roƙona ɗaya a matsayina na ma'aikaciyar jinya: ranar awo, ko ranar da ba ki jin daɗi za ki asibiti, ki zo da fuskarki yadda take. Muna duba cikin fatar ido, leɓe, harshe da tafin hannu don gano ƙarancin jini, kuma kwalliya tana iya rufe mana abin da ya kamata mu gani.

Ni dai bayan arba'in na sayi ɗan ƙarami mai kalar jan lalle, har yau shi ne a jakata. Ranar da na je gida da shi, Gwaggo ta dube ni ta ce, "Yauwa, yanzu kam jego ya karɓe ki." Ban gaya mata sirrin ba.

Gobe da hantsi ki ɗauko mayafanki biyu ki zauna bakin taga. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.