Ƙwayar Cuta Mai Likimo

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga masu tallar magani cikin rana, suna sayar da kafso bibbiyu, na mutum da na dabba. A ganina wannan ciniki ya fi yadda muke zato haɗari, kuma dalilin yana cikin halin bakteriya.

A 1944 wani masani, Joseph Bigger, ya zuba wa bakteriya fenisilin, ya tarar kusan duk sun mutu, sai 'yan kaɗan. Waɗannan ba fin ƙarfin maganin suka yi ba. Likimo suka yi. Shi fenisilin yana hana ƙwaya gina bangon jikinta ne sa'ad da take girma, saboda haka wadda ta daina girma ba ya samun ta. Da magani ya janye sai ta farka ta hayayyafa. Wannan ita ce juriya.

A 2017 masana a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus suka nuna cewa in ana ba bakteriya magani ana katsewa, juriya ke fara zuwa, sa'an nan ta share fagen bijire wa maganin ɗungum. Bijirewar kuwa ta hallaka mutum wajen miliyan 1.27 a duniya a 2019.

To, kafso biyu yau, biyu wani mako, ba tare da umarnin likita ba, ai katsewar ke nan. Malaman kimiyya na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, don Allah ku ware wa wannan batu darasi guda, domin ɗalibanku su ake aika sayen magani a gida.