Ku faɗaɗa wa yaranmu kibiyar kwamfuta

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta rufe babin takarda da fensir a jarrabawarta, kowa sai ta kwamfuta. Ɗan Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, da ɗan Legas da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa, tambayoyi 180 ne a gaban kowannensu, awa biyu kacal. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Abin da ke damuna shi ne yawan daƙiƙoƙin da yaranmu ke zubarwa wajen neman 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta.

Ku leƙa duk inda ake koya wa 'yan makaranta kwamfuta ku gani. Yarinya ta kama maus kamar ta riƙe ƙwai, ta motsa shi, kibiya ta tsallake zuwa can kusurwa. Fara ce, shafin ma fari ne, ga hasken rana ta taga. Ta kai kan rubutu, ta rikiɗe ta koma siririn layi, ta ɓace mata. Sai ka ga ta ɗaga maus ɗin sama tana juyawa, kunya ta hana ta cewa "Malam, ban gan ta ba." An ce ta danna sau biyu, hannu ya goce tsakanin dannawar farko da ta biyu, fayil ya ja ya koma wani wuri. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci cewa kwamfuta ba tata ba ce.

Alhali duk wannan yana da magani a cikin na'urar. Tun sabuntawar watan Mayun 2019, Windows 10 ya ba da damar ƙara girman kibiya daga mataki 1 har 15, a kuma sauya mata launi, ta koma rawaya ko kore shar. Ana rage mata gudu. Ana sassauta saurin dannawa biyu. Har akwai wani ɗan akwati da in ka yi masa alama, duk sanda kibiya ta ɓace sai ka taɓa maɓallin Ctrl, da'ira ta zagaye ta.

To ina aka ajiye waɗannan saituna? A nan nake ganin laifin kamfanin Microsoft. Tun da Windows 8 ya fito a 2012 aka raba saituna gida biyu, sabon Settings da tsohon Control Panel, aka bar mai amfani yana safa da marwa. A yawancin kwamfutocin da ke hannunmu, girma da launi suna ɓangaren masu buƙata ta musamman, gudu yana ɓangaren na'urorin da ake jonawa, dabarar Ctrl kuwa sai ka tona tsohuwar taga mai ƙananan rubutu. Malamin da idonsa ya fara rauni ba zai taɓa tunanin shiga ɓangaren masu lalura ba, don bai ɗauki kansa mai lalura ba. Kamfanin Apple tun 2015 ya sa in ka girgiza maus kibiya ta kumbura da kanta, ba sai ka shiga ko'ina ba. Ashe ana iya sauƙaƙawa in an ga dama.

Ita kanta JAMB ta san da matsalar. A 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, R don komawa. Na yaba wa wannan ƙwarai, kuma ya kamata duk mai shirin jarrabawa ya haddace su. Sai dai bayan jarrabawa akwai rajistar jami'a, akwai neman aiki, kuma a can ba wanda zai ba ka maɓallai takwas. Ga WAEC ma ta fara tata jarrabawar ta kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024.

Ba za mu zauna jiran Amurka ta gyara mana ba. Malaman kwamfuta a makarantun Sakaba, Danko/Wasagu, Fakai da Zuru, da masu shagunan buga takardu da yi wa yara rajista: kafin ku zaunar da sabon ɗalibi, ku ɗauki minti biyar ku ƙara girman kibiya, ku ba ta launi, ku rage mata gudu. In hannunsa ya faɗa, ku mayar da ita yadda take a hankali, domin haka zai tarar da ita a ɗakin jarrabawa. Ku kuma nuna masa hanyar da kuka bi, da Hausa ko da C'lela, duk wanda ya fi ji, don gobe ya iya saita wa ƙanwarsa. Wannan ba ya cin ko sisin kwabo, don Allah a fara daga wannan zangon karatu.