Filin Mata: Ɗaliba A Baƙuwar Makaranta

 

Wata 'yar'uwarmu ta aiko mini da takarda tana neman shawara. Ta ce an zaɓi 'yarta cikin waɗanda za su tafi gasar kacici-kacici a wata kwaleji ta wani gari, ita kuwa yarinyar ba ta taɓa kwana ko'ina ba sai gidansu da gidan kakarta. Maigida ya bar maganar a hannun uwa, uwa kuwa zuciyarta ta rabu biyu. Ita kanta yarinyar tana jin tsoro kada ta je a yi mata dariya.

'Yar'uwa, ban ga laifinki ba. Duk uwar da ta ji yadda aka kwashe 'yan mata daga makaranta a Chibok cikin 2014, da Dapchi cikin 2018, da Jangebe cikin 2021, tilas gabanta ya faɗi in an ce 'yarta za ta kwana nesa da ita. Amma kafin in ba ki amsa, bari in ba ku labarin wata yarinya ta unguwarmu, yadda ta ba ni shi da bakinta.

Yarinyar nan tana aji huɗu a makarantar je-ka-ka-dawo, irin wadda ake zama uku uku a benci ɗaya. Aka ɗauke su su huɗu tare da malamarsu zuwa ɗaya daga cikin kwalejojin 'yan mata na Gwamnatin Tarayya. Kun san irinsu, akwai su a Bakori da Kazaure da Minjibir da Gusau da Tambuwal. An soma kwalejojin tarayya da guda 3 cikin 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, sa'an nan bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970 gwamnatin Janar Gowon ta ƙara yawansu, don yaran kowane sashe na ƙasa su tashi tare, su san juna.

Ta ce tun daga bakin ƙofa jikinta ya yi sanyi. Aka rubuta sunayensu cikin littafin baƙi, aka shiga da su. Ga 'yan mata sun fito ɗari ɗari, kowane gidan kwana da launin rigarsa, ana buga ƙararrawa kowa na sauri, ba mai tsayawa hira. Ga Yarbawa, ga Ibo, ga Nufawa, ga Tibi, ga Hausawa 'yan'uwanta, amma duk Turanci suke yi kamar ruwa. Wata ta tambaye ta sunanta, sai harshenta ya sarƙe, wasu biyu a gefe suka ƙyalƙyale da dariya. Ta ce a lokacin nan da ƙasa za ta tsage da ta shige. Da aka je ɗakin cin abinci ma kasa ci ta yi, tana ta duban takalminta da nasu.

To, da la'asar sai wata yarinya 'yar Kudu, wadda aka sa ta kula da baƙi, ta kama hannunta ta zagaya da ita. Ta kai ta ɗakin karatu, inda littattafai ke jere har sama. Daga nan suka shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Yarinyar ta ɓare 'yar fatar nan mai shara-shara ta cikin albasa, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta ɗiga mata aidin, ta sa ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta ce leƙa ki gani. Da ta leƙa sai ga ƙananan ɗakuna jere kamar tubalin gini. Ashe abin da malaminsu ya zana musu a allo ke nan, ta kwafa a littafi, ta haddace, har ta ci jarrabawa a kansa, amma ba ta taɓa gaskata cewa yana cikin albasar da take yanka wa uwarta kullum ba. Lalle gani ya kori ji.

Da dare kuma ta ga wani abin. Waɗannan masu Turanci kamar ruwa su ma layi suke bi da bokiti wajen famfo, su wanke tufafinsu da hannunsu, wata 'yar aji ɗaya kuwa tana kuka a kan gado don kewar uwarta. Da aka zauna karatun dare ta leƙa littafin lissafin maƙwabciyarta, sai ta ga darasin da suka wuce tun makon jiya ne. Nan ta gane manhaja ɗaya ce, kuma jarrabawar WAEC da NECO ɗaya za su zauna in sun kai aji shida. Washegari makarantarsu ba ta zo ta ɗaya ba, amma ita ta amsa tambayoyinta na lissafi duka, har waɗanda suka yi mata dariya suka tafa mata. Tun da ta dawo take cewa aikin likita za ta karanta, ta kuwa matsa wa malaminsu har ya fito da madubin da ke kulle cikin kabad a ofishin shugaban makaranta.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Cikin 1956 aka buɗe makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori, 'yan matan Arewa suka riƙa shiga jirgin ƙasa daga Kano da Zariya da Kaduna, su ƙetare Kwara a Jebba, su tafi garin da ba su jin harshensa. Iyayensu mata ma sun ji tsoro, amma suka daure, daga cikin 'yan matan nan kuwa aka sami malamai da ma'aikatan asibiti da suka amfane mu.

Saboda haka, 'yar'uwa, shawarata ki bar ta ta tafi, amma da idonki buɗe. Ki je makarantarsu da ƙafarki, ko maigida ya je. Ki san sunan malamar da za ta raka su, ki karɓi lambar wayarta. Ki tambayi motar da za su shiga da hanyar da za su bi, kuma a tabbatar miki ba za a yi tafiyar dare ba. Ki ji inda za su kwana, ko akwai katanga da masu gadi da matar da ke kula da ɗakin kwana. In amsoshin ba su gamsar da ke ba, kina da ikon ki ce a'a, ba wanda zai zarge ki. In ta dawo kuwa, kada ki tsaya ga tambayar me aka ba su suka ci. Zaunar da ita ta gaya miki abin da ta gani, da abin da ta ga ya fi nasu, da abin da nasu ya fi.

Ku kuma 'ya'yana, in kun je baƙuwar makaranta ku tafi da tufafi wankakku ko da tsofaffi ne, ku gai da malamai da masu dafa abinci da masu gadi. Kada ku raina kanku don ginin wasu ya fi naku kyau, kada kuma ku raina wasu in naku ne ya fi. Abin da ba ku sani ba ku tambaya, ko da Turancin zai karye, matambayi ba ya ɓata. Ku riƙe ɗan littafi ku rubuta abin da kuka gani, don ƙawayenku da ba su sami zuwa ba. Ran da baƙi suka zo taku makarantar kuwa, ku tuna da yarinyar nan da ta kama hannun baƙuwarta, ku yi kamarta.

Wadda ta taɓa irin wannan ziyara ta rubuto mini labarinta, in Allah ya so zan buga shi a wannan fili. Sai mako mai zuwa. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.