Mizani A Kan Ƙananan Kwalejojin Ƙauye Na Ƙasar Amurka

 Ku sani a ƙasar Amurka akwai wasu ƙananan kwalejoji da aka gina cikin ƙauyuka, nesa da hayaniyar birni. Almajiransu ba su cika wuce dubu biyu ba, karatunsu shekara huɗu ne, kuma ba sana'a guda suke koyarwa ba. Asalinsu fannoni bakwai ne na mutanen dā: nahawu, balaga, manɗiƙi, hisabi, handasa, ilmin taurari da ilmin sauti. Yanzu sun ƙara tarihi, da harsuna, da ilmin halittu. Mutane sun kasu biyu a kansu. Wasu sun ce ɓarnar dukiya ce, wasu sun ce aljannar karatu ce. Ni na ce dukansu sun yi gaggawar hukunci.

Fa'ida ta farko, kuma ita ce uwa, kusancin malami da almajiri. A Kwalejin Williams ta jihar Masacusets, wadda aka kafa a 1793, akwai darasin da almajirai biyu kaɗai ke zama gaban malami kowane mako. Ɗaya ya rubuto bayani, ɗaya ya warware masa, mako mai zuwa su musanya. James Garfield, wanda ya yi karatu a can, ya zama shugaban Amurka a 1881, ya taɓa nuna cewa makaranta ta cika idan malaminsa Mark Hopkins ya zauna a kan gungume, almajiri ya zauna a ɗaya gefen. Duk wanda ya ɗauki karatu a zaure ya gane nufinsa. A babbar jami'a kuwa mutum ɗari uku kan taru a ɗaki guda, malami bai san sunan kowa ba. Wa zai gyara wa yaro kuskurensa a nan?

Idan ka ce, me nahawu da tarihi za su saya masa a kasuwa? Sai in ce maka, sana'a takan mutu, wata ta tsiro, amma mai iya karanta magana ya gane, ya auna hujja, ya rubuta a fahimta, kowace sana'a tana nemansa. Wanda ya raina wannan bai san abin da ake kira ilmi ba.

To, ga aibobi, ba zan ɓoye su ba. Na ɗaya, ƙarancin fannoni. Mafi yawansu ba su koyar da aikin injiniya ko jinya, kuma fanni guda yakan zama malamansa uku ne ko huɗu. In jininka bai haɗu da nasu ba, babu inda za ka juya. Na biyu, kaɗaici. Ƙauye ne, ga ƙanƙarar hunturu, ga nisan tasha, ga ƙarancin wurin koyon aiki. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa shi ya fi jin wannan. Na uku, tsada. Kuɗin shekara guda a Williams, da ci da kwana, ya haura dala 80,000 a 2024.

Amma a nan ne masu yabo da masu zagi suka ɓata, gama sun ɗauki kwalejojin nan kamar abu ɗaya ne. Alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Williams tana da dukiyar waƙafi fiye da dala miliyan dubu 3, saboda haka tun 2022 ta daina sa bashi cikin taimakon da take ba mabuƙata. Kwalejin Berea ta jihar Kentaki, wadda John Fee mai ƙin bauta ya kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1892. 'Ya'yan talakawa take ɗauka, kowa kuma yana yin aikin sa'a 10 a mako ko fiye. Waɗannan suna da rumbu.

Waɗanda ba su da rumbu fa? Kuɗin almajirai kaɗai suke ci, almajirai kuwa suna raguwa, domin haihuwa a Amurka ta sauka daga miliyan 4.3 a 2007 zuwa kusan miliyan 3.6 a 2023. Green Mountain ta jihar Bamont, wadda ta rayu tun 1834, ta rufe a 2019. Marlboro, ita ma a Bamont, ta bi ta a 2020. Wells ta jihar Nuyok, ta 1868, ta sanar da rufewarta a Afrilun 2024, saura 'yan makonni a gama zango. Ka duba halin yaron da ya yi shekara biyu, ga bashi a wuyansa, malamansa sun watse, dole ya nemi wata ƙofa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka hukuncina shi ne, uba kada ya ruɗu da hoton koren ciyawa da tsohon gini, gama wani kyan na ɗan maciji ne. Ya tambayi abu uku a rubuce. Nawa zan biya bayan an cire taimako, kuma nawa ne bashi a ciki? Nawa ne waƙafin makarantar, almajiranta ƙaruwa suke ko raguwa? Malamai nawa ne a fannin da yarona ke so? In jawabi ya yi kyau, ƙauyen ya fi masa birni, ya tafi. In suka yi nuƙu-nuƙu wajen amsa, ya riƙe ɗansa da dukiyarsa.